Babi Na Uku: Yadda Majigi Ya Naɗa Makiyayi Jarumi

Duk wanda ya yi nufin ya san asalin wannan mutum mai faffaɗar malafa da bindiga a ƙugu, wanda duniya ta sani da sunan kaboyi, wajibi ne a kansa ya fara da sanin cewa sana'ar da ake jingina masa, watau koro shanu daga jihar Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, ba ta wuce shekara ashirin da ɗoriya tana ci ba, daga ƙarshen yaƙin basasar Amurka a 1865 zuwa wajen 1886. Sababinta kuwa ciniki ne tsantsa. Yayin da mazaje suka tafi fagen fama, shanun Teksas suka yi ta hayayyafa a daji ba mai lura da su, har ya zama saniyar da ba ta fi dala huɗu a can ba takan kai dala arba'in a biranen arewa, inda jama'a ta yi yawa nama ya yi ƙaranci. Sai wani ɗan kasuwa mai suna Joseph McCoy ya kafa kara a garin Abilene a 1867, a bakin dogo, ya aika wa masu shanu cewa su koro dabbobinsu ya loda musu a taragu. Daga nan hanya ta buɗe.

Aikin da kansa ba shi da wani ƙawa. Mutum goma ko goma sha biyu, galibinsu samari matalauta, su ne za su tasa garke mai shanu dubu biyu ko uku a gaba, su yi ta tafiya wata biyu ko uku, mil goma zuwa goma sha biyar a yini don kada dabbobin su rame kafin su isa kasuwa, suna shaƙar ƙura da rana, suna karɓa-karɓar gadi da dare, a kan ladan da yake tsakanin dala ashirin da biyar zuwa arba'in a wata. Abin da suka fi tsoro shi ne ƙetare kogi idan ya kawo, da tsawa cikin dare wadda takan firgita garke ya ɓarke da gudu ya tattake duk abin da ya tarar, da faɗuwar doki a kan mahayinsa. Wanda ya taɓa jin labarin fataken shanun da suka riƙa koro dabbobi a ƙasa daga Arewa zuwa Kurmi kafin mota ta yawaita, ya riga ya san kashi mafi yawa na wannan rayuwa. Game da bindiga kuwa, garuruwan kara da dama, irin su Abilene da Wichita da Dodge City, sun kafa doka cewa baƙo ya ajiye makaminsa kafin ya shiga gari. Malaman tarihi sun ƙiyasta cewa kusan rubu'in waɗannan makiyaya baƙaƙen fata ne, yawancinsu bayi ne da aka 'yanta bayan yaƙi, wasu masu yawa kuma mutanen Meziko ne, waɗanda daga wurinsu aka gaji fasahar baki ɗaya, da sirdin, da ƙaimin, da jifa da igiyar zarge. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan mas'ala a zuciyarsa, don za mu komo gare ta.

Abu uku suka taru suka kashe sana'ar: waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya sami rajistar ƙirƙirarta a 1874, manoma suka shiga killace filaye da ita har burtali ya toshe, da dogo da ya miƙa har cikin Teksas, babu sauran bukatar doguwar tafiya, da matsanancin hunturun 1886 zuwa 1887, wanda ya halaka shanu ba iyaka a filayen arewa. A 1890 hukumar ƙidaya ta bayyana cewa babu sauran wata iyaka tsakanin ƙasar da aka zauna da wadda ba a zauna ba, kuma a watan Disamba na wannan shekara sojojin Amurka suka karkashe mutanen ƙabilar Lakota, maza da mata da yara, a wurin da ake kira Wounded Knee. Shekara huɗu kacal bayan wannan, na'urar ɗaukar hoto mai motsi ta fara kallon Yamma, watau wannan yanki na yammacin Amurka.

Amma kafin na'urar ta iso, wani ya riga ya share mata fage. William Cody, wanda ake yi wa laƙabi da Buffalo Bill saboda yawan ɓaunar da ya harbe don ciyar da leburorin dogo, ya kafa wani gagarumin wasa a 1883, inda mahaya ke sukuwa a fili, ana harbi, ana kwaikwayon hari a kan keken doki, daga ƙarshe a zo a ceci matafiya. Ya yi yawo da shi a biranen Amurka, ya ƙetare teku da shi zuwa Landan a 1887, har Sarauniya Biktoriya ta halarta. Cody ne ya fara ɗaukar leburan shanu, wanda a da mutanen gari ke yi wa kallon ɗan iska mara asali, ya tsai da shi a tsakiyar fili ya ce ga jarumi. A 1894 wasu daga cikin 'yan wasansa suka je ɗakin ɗaukar hoto na Thomas Edison a West Orange, cikin jihar New Jersey, aka ɗauki gwanar harbi Annie Oakley tana fasa abin da ake jefa mata sama, aka ɗauki wasu 'yan ƙabilar Sioux suna rawa, kowane hoto bai kai minti ɗaya ba. Ashe ke nan majigi bai taɓa ganin Yamma da idonsa ba, ruwaya ya karɓa daga mai wasa, kuma isnadin nan mai rauni shi ne aka gina dukan abin da ya biyo baya a kansa.

A 1903 kamfanin Edison ya fito da The Great Train Robbery, wanda Edwin Porter ya shirya, tsawonsa wajen minti goma sha biyu, an kuwa ɗauke shi a dazuzzukan New Jersey, nesa da Yamma tafiyar kwanaki. 'Yan fashi sun shiga ofishin tasha, sun tilasta wa akawun tangarahu ya tsai da jirgi, sun ɗaure shi, sun hau, sun fasa akwatin kuɗi da nakiya, sun jera fasinjoji a bakin dogo suna caje su, ɗaya ya sheƙa da gudu suka harbe shi ta baya. Sa'an nan 'yar akawun ta zo ta kwance ubanta, aka tara mahaya aka bi sawu, aka ƙare da su a cikin kurmi. Ga masu kallo na lokacin wannan ba tatsuniya ba ce, domin shekara uku da ta wuce ƙungiyar ɗan fashi Butch Cassidy ta tare jirgin Union Pacific a Wyoming, jaridu duk sun buga. Akwai kuma wani guntun hoto da aka haɗa da fim ɗin, wanda kamfanin ya bar wa mai majigi zaɓi ya sa shi a farko ko a ƙarshe: wani mai gashin baki, ɗan wasa Justus Barnes, ya cika allo daga ƙirji zuwa malafa, ya ɗaga bindiga ya auna masu kallo, ya yi ta ɗana kunama har harsashi ya ƙare. Babu ko saniya ɗaya a cikin fim ɗin, babu kuma jarumi mai suna, amma doki da bindiga da kora da sakayya duk sun hallara.

Dalilin da ya sa irin wannan labari ya dace da majigin da ba ya magana a bayyane yake ga mai tunani. Gidajen kallo na farko, waɗanda suka yaɗu daga 1905 ana shiga da sent biyar, cike suke da ma'aikata da baƙin haure daga Italiya da Rasha da Poland da sauransu, waɗanda da yawansu ba su iya Ingilishi ba balle su karanta 'yan rubuce-rubucen da akan sa a allo tsakanin fitowa da fitowa. To, doki yana sukuwa ba ya bukatar tafinta, kuma mai fiyano da ke zaune a gindin allo ya san inda zai hanzarta kiɗa. Ga masu kamfani kuma akwai sauƙi, tun da hasken rana kyauta ne, dutse da fili ba a gina su. Wannan, tare da son nisantar ƙungiyar da Edison ya kafa a 1908 don karɓar kuɗin haƙƙin na'urori, yana daga cikin abin da ya ja masu sana'ar zuwa Kaliforniya.

Jarumi na farko mai suna ya fito ne daga cikin wancan fim na 1903, domin fasinjan da aka harbe ta baya wani saurayi ne, Max Aronson, ɗan Yahudawa haifaffen Arkansas, wanda ya sauya suna ya koma Gilbert Anderson. A 1907 shi da George Spoor suka kafa kamfanin Essanay a Chicago, kuma da ya nemi wanda zai fito a matsayin kaboyi bai sami wanda ya gamshe shi ba, sai ya fito da kansa, alhali kuwa ƙaƙƙarfan mutum ne mai kauri wanda hawan doki bai zauna masa ba sai daga baya. Hikimarsa guda ce, amma ta wadatar: ya gane cewa mutane za su komo mako-mako idan mutum ɗaya mai suna ɗaya suke zuwa gani. Ya kira shi Broncho Billy, ya yi gajerun finafinai fiye da ɗari da wannan suna, yawancinsu a ƙauyen Niles na Kaliforniya inda ya tare a 1912. Billy sau da yawa ɓarawo ne wanda wani ƙaramin abu, kamar yaro mara lafiya ko alherin wata mace, yakan karya masa zuciya ya sallama kansa ga hukuma. An ba Anderson lambar girmamawa ta Oscar a 1958, bayan duniya ta kusa mantawa da shi.

Wanda ya ɗauki wannan iri na ɓarawo mai tuba ya raine shi har ya yi 'ya'ya shi ne William S. Hart, kuma a ganina babu wanda ya cancanci a tsaya a kansa a wannan babi kamarsa. An haife shi a 1864 a Newburgh ta jihar Niyok, mahaifinsa mai aikin injin niƙa ne da ya yi ta ƙaura da iyalinsa a yankunan tsakiyar ƙasar har zuwa Dakota, inda yaron ya yi wasa da 'ya'yan Sioux, ya ga makiyaya na haƙiƙa da idonsa. Ya girma ya zama ɗan wasan dandamali, ya yi shekaru yana fitowa a wasannin Shakespeare, shi ne kuma ya fito a matsayin Messala a wasan Ben-Hur a 1899. Ya faɗa a littafin tarihin rayuwarsa cewa abin da ya tura shi majigi baƙin ciki ne, don ya shiga wani gidan kallo ya ga yadda aka ɓata Yamma da tufafin ƙarya da ɗabi'un ƙarya. A 1914, yana da shekara kusan hamsin, ya tafi wurin tsohon abokinsa Thomas Ince, wanda ke da wani makeken fili a duwatsun da ke bayan Santa Monica, inda ya ɗauko hayar mahaya da dawaki da shanu na wasan 101 Ranch, har da iyalan Sioux da suka kafa bukkokinsu a wurin.

Hart ya dage a kan zahirin abubuwa dagewar da ta kai ga taurin kai. Tufafinsa sun sha jiki, garuruwansa 'yan rumfunan katako ne a bakin hanya mai ƙura, mashayarsa ƙazama ce, ƙaramin dokinsa mai roɗi-roɗi, Fritz, ba shi da adon azurfa. Fuskarsa doguwa ce busasshiya, ba ta cika motsi ba, kuma da yake babu murya, a cikin idonsa ake karanta abin da ke gudana a baɗini. Fim ɗinsa na 1916, Hell's Hinges, shi ne hujjata. Wani matashin limamin coci mai raunin imani ya iso wani lalataccen gari tare da ƙanwarsa, mai mashayar garin kuwa ya riga ya yi jinga da wani ɗan bindiga, Blaze Tracy, watau Hart, ya kore su. Keken doki ya tsaya, 'yan gari sun kewaye suna izgili, Blaze ya kutsa ya zo gaba da nufin cin mutunci, sai yarinyar ta dube shi ta yi murmushi irin na wadda ba ta zaci sharri daga kowa ba. Na'urar ta tsaya a kan fuskarsa, mai kallo yana ganin dariyar ƙeta tana gushewa sannu a hankali, hannunsa ya tashi ya cire malafa, ya ja da baya. Can gaba an nuno shi da dare shi kaɗai yana karanta Linjila da ƙyar, kwalbar giya na gefensa, don tsohuwar al'ada ba ta sakin mutum dare ɗaya. Daga nan labarin ya yi wata karkata da ba kowa zai yi zato ba: yayin da ɗan bindiga ke shiryuwa, limamin ne ke ɓata, aka yaudare shi da mace da giya, har ya zama da hannunsa ya cinna wa majami'arsa wuta, aka kashe shi a hargitsin. Blaze ya komo ya tarar da toka, ya shiga mashaya da bindiga biyu, ya harbe mai ita, ya harbo fitilu suka faɗo, garin duka ya kama da wuta, ya fito yana tafiya cikin hayaƙi. Mai karatu Musulmi ba zai ga baƙon abu a nan ba, don ya san ilmi ba ya tsare mai shi daga zamewa, ya kuma san ƙofar tuba ba a rufe ta ga mai kisa ba. Abin da zai tsaya masa a rai, kamar yadda ya tsaya mini, shi ne cewa tuban Blaze bai raba shi da bindiga ba, ya dai sauya mata alƙibla, kuma wannan aure tsakanin taƙawa da zub da jini shi ne gadon da finafinan kaboyi suka riƙe har ƙarshensu.

Ana cikin haka sai ga Tom Mix. An haife shi a 1880 a Pennsylvania, ya yi aiki a 101 Ranch, gwanin doki ne na gaske wanda babu jayayya a kan gwanintarsa. Ya fara fitowa a finafinan kamfanin Selig wajen 1910, ya koma Fox a 1917. Masu tallan kamfani sun ƙaga masa tarihi, suka ce a Teksas aka haife shi, ya yi yaƙi a Kuba da Afirka ta Kudu, alhali takardun soja sun nuna bai je fagen fama ba, gudu ma ya yi daga aikin a 1902. Mix bai damu da ƙura ba, bai damu da nadama ba. Farar malafa, riga mai aiki, takalmi mai ado, doki mai suna Tony wanda yara suka sani kamar yadda suka san ubangidansa, har aka ɗauki sawun kofatonsa a siminti a ƙofar gidan silima na Grauman a 1927. Tsalle daga doki zuwa jirgi, lilo a bakin kwazazzabo kamar yadda ya yi a Sky High na 1922 da aka ɗauka a Grand Canyon. Jarumin da ba ya shan giya, ba ya da zunubin da zai tuba daga gare shi, ya fi son ya kama mugu da igiya a kan ya harbe shi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya jama'a suka nuna wanda suke so da kuɗinsu. Kamfanin Paramount ya nemi Hart ya sassauta ya bi zamani, ya ƙi, suka rabu; ya yi fim ɗinsa na ƙarshe, Tumbleweeds, da dukiyarsa a 1925, a kan rububin filaye da aka yi a Oklahoma a 1893, sa'an nan ya koma gonarsa a Newhall. A 1929, da Wyatt Earp ya mutu a Los Angeles, shi da ya kasance ɗan doka a Dodge City da Tombstone a zamanin da ake ba da labari, Hart da Mix suna cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Yanzu sai mu komo ga mas'alar da na roƙa a riƙe. Hart, da dukan ƙaunarsa ga gaskiya, gaskiyar sirdi da riga ya tsare, bai tsare gaskiyar wanda ke kan sirdin ba; jarumansa farare ne, mutumin Meziko a wurinsa galibi maci amana ne, kuma ɗaya daga finafinansa na 1916 sunansa The Aryan, wanda ya ginu a kan fifikon farin jinsi. Wannan aibi ne babba, kuma girman fasaharsa ba ya shafe shi. Rubu'in nan na baƙaƙen makiyaya ya ɓace daga allo kamar ba a taɓa yin su ba. Bill Pickett, baƙar fata ɗan Teksas wanda ya ƙago dabarar dirowa daga doki a kama ƙahon bijimi a kā da shi, wanda ya yi aiki a 101 Ranch ɗin nan da Mix ya yi, bai sami fitowa a matsayin jarumi ba sai a wurin wani ƙaramin kamfani, Norman, mai yin finafinai don gidajen kallon baƙaƙe, wanda ya yi The Bull-Dogger da shi a 1921, kuma 'yan guntaye ne kawai suka rage daga gare shi. 'Yan asalin ƙasar sun ɗan sami sassauci a farkon al'amari, har wata 'yar ƙabilar Winnebago, Lillian St. Cyr, da ake kira Red Wing, ta fito a babban matsayi a The Squaw Man na Cecil DeMille a 1914. Amma da manyan finafinai suka zo, irin The Covered Wagon na 1923 da The Iron Horse na John Ford a 1924, waɗanda suka mai da cin Yamma wata ƙissa ta ƙasa, sai aka ajiye su a kan tudu a matsayin hatsarin hanya, tare da kogi da guguwa. Su kuwa tsofaffin makiyayan da waya mai ƙaya ta raba da aikinsu, da yawansu sun gangaro Hollywood suna jiran a ɗauke su aikin yini, su faɗo daga doki a madadin wanda sunansa ke kan takardar talla.

Mafi yawan waɗannan finafinai babu su a yau. An ɗauke su a kan wani irin zare mai saurin kama wuta da ruɓewa, kamfanoni kuma ba su ga amfanin adana su ba bayan sauti ya shigo a 1927. Gobarar da ta ci rumbun Fox a New Jersey a 1937 ta tafi da akasarin abin da Mix ya yi musu, kuma binciken da ɗakin karatu na majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan Amurka marasa sauti sun salwanta. Mix ya mutu a hatsarin mota a Arizona a 1940, Hart a 1946.

Kaboyin da ya iso ƙasashenmu, bayan an buɗe gidajen silima irin Rex ta Kano a 1937, ya riga ya sami murya, kuma mafi yawansa zuriyar Mix ne, mai farar malafa da dokin da ba ya gajiya. Yadda samari suka karɓe shi ya isa har wani ɗan Nijar, Moustapha Alassane, ya yi fim a kai a 1966, Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya komo daga Amurka da akwati cike da malafu da bindigogi ya rarraba wa abokansa, cikinsu har da wata budurwa da Zalika Souley ta fito a matsayinta. Suka sauya sunaye, suka hau dawaki, suka shiga sata da faɗa a mashaya yadda suka gani a allo, har dattawan ƙauyen suka zauna shawarar yadda za a yi da su.